Koriyar Kwalbar Kalsa

Ran da Ruƙayyatu ta fara ganin Sunusi ranta a ɓace yake, kuma ba shi ya ɓata shi ba.

Kwanansu uku ke nan a Palermo, babban birnin tsibirin Sicily a Italiya. Ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Manchester da Birmingham ce ta shirya hutun, mutum talatin da biyu. Tun da suka sauka ba wanda ya ɗanɗana girkin garin. Iyaye mata sun ciko akwatuna da garin tuwo da kuka da daddawa, suna ta tuƙi a flat ɗin haya. Sauran kuwa, kullum Abdulmuhaimin, jagoran tafiyar, zai jera su zuwa wani gidan cin abinci na baƙi kusa da tashar jirgin ƙasa, a ci kaza da soyayyen dankali irin na Stockport Road ta Manchester sak.

"Umma, yanzu awa uku muka yi a jirgi don mu zo mu ci chips?" in ji Ruƙayyatu.

Hajiya Latifa ko ɗagowa daga tukunya ba ta yi ba. "Ke dai kin cika neman magana. Mu abin da muka sani muke ci."

Ta yafa gyalenta ta fice.

Ƙafa ta kai ta Kalsa, tsohuwar unguwar da sunanta ya samo asali daga Larabci tun zamanin da Musulmi ke mulkin garin. Lunguna ne matsattsu, shanya na reto a saman kai. A bakin wata ƙofa da ba ta da ko allon suna ta ga wani saurayi dogo, yana ta juya ɗan kati a hannu. Ta gane shi, cikin 'yan Birmingham yake, amma ba su taɓa magana ba.

"Kai ma gudowa ka yi?"

Ya yi murmushi. "Ni farauta nake. Kin ga dattijon can mai sanda? Tun daga kasuwa nake biye da shi."

"Laifin me ya yi maka?"

"Yunwa ce a fuskarsa, kuma ɗan gari ne. Ba na shiga inda aka liƙa hotunan abinci a ƙofa, ko inda wani ke tsaye yana kirana my friend. Tsofaffi nake bi. Inda suka zauna, nan abinci yake."

Ya miƙa mata katin. Da Italiyanci ya rubuta shi tun a Handsworth, unguwarsu a Birmingham: mu Musulmi ne, ba ma cin alade ko kitsensa, ba ma cin abin da aka girka da giya.

"Sunana Sunusi. In za ki iya cin abin da babu hotonsa, bismillah."

Tebur huɗu ne kacal a ciki. Mai wurin, wata tsohuwa da ake kira Celestina, ta ɗora tabarau ta karanta katin sau biyu, ta gyaɗa kai. Ta kawo musu panelle, wani soyayyen kwaɓin garin wake da ake cusawa a burodi, sai da ta nuna musu kaskon da man da ta soya shi da su. Ruƙayyatu ta gatsa, ta zaro ido.

"Wallahi ƙosai da burodi ne! Ƙosan ne dai ya yi karatu a Turai."

Sai ga taliya da kifin sardin. A tsakiyar tebur tsohuwar ta dire wata doguwar koriyar kwalba marar takarda, man zaitun na gonar ƙaninta. Ruƙayyatu ta dinga tsiyaya shi a kan komai, har Sunusi ya ce daga yau sunanta Zaituna. Suka ɗauki hoto su uku, ta tura a group ɗin ƙungiya: "Ga abincin gari, jama'a. Ku fito!"

Da za su tashi, Sunusi ya kai hannu kan farantin cannoli, wani kayan zaƙi mai ɓawo kamar bututu da ake cika shi da cuku. Celestina ta buge masa hannu, ta dangwala yatsa a kan katinsa. Da hannu da waya ta fahimtar da su cewa da kitsen alade da giya ake kwaɓa ɓawon nata, kuma haka aka saba yi a gargajiyance. Maimakonsa ta sake cika koriyar kwalbar nan da mai, ta danƙa masa.

Nan take Ruƙayyatu ta tuna wani abu. Kullum da la'asar Abdulmuhaimin na sayo wa manya tire guda na cannoli, har ya sa sun sayi kwalayen busasshen ɓawon don tsaraba. Mahaifinta, Dakta Maharazu, biyu yake ci a zama ɗaya.

Ta tare Abdulmuhaimin a ƙofar flat. Shi ne wanda ya shekara yana aiko mata da gaisuwa ta bakin iyayensa, tana kaucewa.

"Ka tambaya kafin ka saya?"

"Haba Ruƙayya, sweets ne fa."

"Ka tambaya?"

Ya marairaice. "Don Allah kar ki kunyata ni a gaban su Dakta. Ki bar ni ni zan faɗa musu da kaina."

Ta yarda. Wannan ne kuskurenta.

Bayan sun dawo, mil tamanin da wani abu da ke tsakanin Longsight, unguwar su Ruƙayyatu a Manchester, da Handsworth ya zama kamar tsallaken titi. Kullum ita da Sunusi suna cikin musayar saƙo.

"Zaituna, yau na bi wata tsohuwa a Soho Road har lungu uku. Ashe wurin likita za ta."

"Allah ya ƙara! Wata rana police za su kama min kai."

"In kin ce 'kama min', to na warke. Zan turo Kawu Safwan wurin Abba. Kin amince?"

Ta daɗe tana kallon saƙon, tana murmushi ita kaɗai a bas.

"Na amince, Mai Kati."

Kwana biyu kafin zuwan Kawu Safwan, hoton nan ya sake bayyana. Wannan karon an yanke Celestina, an bar Ruƙayyatu da Sunusi kaɗai, an zagaye koriyar kwalbar da jan layi, wai giya ce. A ƙasa an rubuta: "Allah ya shirya mana zuri'a." Daga wayar Abdulmuhaimin ya fita zuwa mutum ɗaya, wai a asirce. Kafin azahar ya zaga Manchester da Birmingham, har ya leƙa Kano.

Mutum ɗari biyu da goma ne a group ɗin nan. Likitoci, injiniyoyi, akantoci, mutanen da ba za su sa hannu a takardar council, wato ƙaramar hukuma, ba sai sun karanta ta layi-layi. A cikinsu ba a samu mutum ɗaya da ya ɗaga waya ya ce, "Ruƙayya, mene ne a kwalbar nan?" Kowa ya tura gaba, ya haɗa da "innalillahi", ya ji a ransa ya yi aikin lada. Ainihin hoton kuwa yana nan a sama, tsohuwa da tabaranta, ba wanda ya ga dama ya koma ya duba.

Kawu Safwan ya zo, aka ba shi shayi, aka sallame shi. Dakta Maharazu ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya ja ta lungu ya zaunar da ita gaban kwalba ba.

"Abba, man zaitun ne," in ji Ruƙayyatu.

"Na ga hoto da idona. Magana ta ƙare."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Saƙon Sunusi ya shigo.

"Zaituna, ki yi haƙuri. Mu bari ƙura ta lafa. In shekara ce zan jira."

"Ba zan bari ta lafa ba. Sunana aka ɓata, kuma da 'a yi haƙuri' ake binne kowace ƙarya a garin nan. Kwalbar tana nan?"

"Saura rabi. Ina lallaɓa ta."

"Ka kawo ta ran Asabar."

Ran Asabar da hantsi ya faka a ƙarshen layinsu, ya miƙo mata kwalbar ta taga.

"In shigo?"

"Zauna nan. Wannan faɗan na gida ne."

Ta tarar da Abba a teburin kicin yana shan shayi, Umma na yanka albasa. Ta dire kwalbar a gabansa, ta tsiyaya kaɗan a cokali.

"Abba, ka gafarce ni. Ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Ga kwalbar. Ka shinshina."

Ya dube ta, ya dubi cokalin. Ya kai hanci. Ya ajiye cokalin.

Ta buɗe masa ainihin hoton. "Ga matar da aka yanke. Ita ta karanta katin da Sunusi ya rubuta, ta nuna mana kaskonta. Kai ne kake gaya mana ba ka rubuta wa patient magani sai ka yi masa tambayoyi. Ni shekara ashirin da biyar ina gidanka, tambaya ɗaya ban samu ba."

"Ruƙayya, ki iya bakinki," in ji Umma, amma a hankali ta faɗa.

"Ko da mai ne," in ji Dakta, "me ya kai ku lungun da ba ku sani ba? Ga inda Abdulmuhaimin ya kai mu, lafiya lau."

Nan Ruƙayyatu ta tsaya cak. "Bai gaya muku ba?"

"Me?"

Ta juya ta buɗe kabad ɗin sama. Kwali ɗaya ya rage cikin shida da Abba ya sayo. Sauran an rabar tsaraba, har gidan liman an kai. Ta ajiye shi kusa da kwalbar, ta juya bayansa.

"Ka sa wayarka ta fassara maka layi na biyu."

Ya gyara tabarau, ya ɗora wayar a kan rubutun. Strutto: kitsen alade. Vino: giya.

Wuƙar hannun Umma ta faɗi a kan katako. "Innalillahi! Dakta, har Malam na aika wa!"

"Tun a Palermo na gaya wa Abdulmuhaimin," in ji Ruƙayyatu. "Ya roƙe ni in bari shi zai faɗa. Laifina ne da ban zo gare ka kai tsaye ba, na ɗauka. Amma Abba, tsohuwar da ba ta san alƙibla ba ita ta buge hannun Sunusi don kar ya ci wannan. Mu da muke salla tare kuwa, kwalbar mai muka zagaye da jan layi."

Dakta Maharazu ya cire tabarau ya riƙe goshi. Ya daɗe yana istigfari a hankali.

"Abin da na ci ban sani ba, Allah mai gafara ne," ya ce daga bisani. "Amma abin da na yi miki, da sanina na ƙi tambaya. Ina yaron?"

"Yana mota."

"Tun yaushe? Latifa, ɗan mutane a waje kamar direban tasi! Je ki ce ya shigo."

Sunusi ya shigo ya durƙusa. "Barka da hantsi, Baba."

"Tashi. Ina katin nan?"

Ya zaro shi daga walat, duk ya lanƙwashe. Dakta ya juya shi gaba da baya. Sannan ya ɗauki wayarsa, ya danna group ɗin ƙungiya, ya yi magana da muryarsa, ba rubutu ba.

"Assalamu alaikum. Maharazu ne. Kwalbar da kuka gani gaban 'yata man zaitun ne, ga ta a hannuna. Duk wanda ya tura hoton nan, ni ne na farkon masu laifi, ya nemi yafiyarta. Na biyu, duk wanda na ba tsarabar Italiya, ya zubar, ya kira ni in yi masa bayani. Na uku, Malam Safwan, don Allah ka dawo. Shayin ranar nan bai yi daɗi ba."

Saƙon ya zaga group cikin minti goma. Daga nan "Allah sarki" da "dama ni na ce" suka fara zuba daga bakunan da suka yi "innalillahi". Abdulmuhaimin ya fice daga group ɗin ba sallama. Bayan sati ya turo wa Ruƙayyatu doguwar ban-haƙuri. Ta amsa da layi ɗaya: "Na yafe. Amma a inda ka ɓata, can za ka gyara." Ya koma ya gyara.

An ɗaura aure a Longsight bayan sallar Juma'a, aka kai amarya Handsworth. A wurin walima, kusa da tiren ƙosai, akwai tiren panelle da amarya ta matsa sai an yi. Hajiya Latifa da kanta ta soya, tana mita, kuma shi ya fara ƙarewa.

Dakta Maharazu ya riƙe hannun ango. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu tambaya kafin su yanke hukunci. Kuma ka buga min irin katin nan guda talatin da biyu. Baɗi Kalsa za mu."

Sunusi ya sunkuya kusa da amaryarsa. "Zaituna, kin ji? Baɗi Abba zai bi tsofaffi a lungu."

Ta murmusa a ƙarƙashin mayafi. "Shi za mu sa a gaba, Mai Kati. Ai ya isa a bi shi yanzu."