Murtsunguwar Abba

Ranar da ya je gyaran wuta a ɗakin binciken tsirrai, saura ƙiris ya faɗo daga tsani. Wata budurwa ya hango riƙe da reza, tana yanka murtsunguwa, tsiron nan mai ƙaya, siriri-siriri kamar ɓawon albasa.

"Baiwar Allah, me ta yi miki?"

"Sunanta nake tambaya," ta ce. "A ido duk kama suke, sai a cikin kara ake gane jinsi."

Tun daga nan ya raɗa mata Mai Reza, ita kuma ta sa masa Ɗan Umma, don ba ya magana biyu bai ambaci mahaifiyarsa ba. So ya kama shi ba na wasa ba.

Umma kuwa 'yar ƙawarta take so ya aura. Da ƙyar ta yarda ya kawo Mai Reza gaisuwa.

A tagar falo akwai murtsunguwar da mahaifinsa, marigayi Abba, ya bari. Kullum sai Umma ta ba ta ruwa, amma gindinta sai ruɓewa yake, abin yana sa ta kuka a ɓoye. Mai Reza ta ƙura wa tsiron ido, ta tambayi launin furensa.

"Rawaya, lokacin Abbansu yana raye," in ji Umma.

Kafin a ankara, yarinyar nan ta zaro reza ta yanki gefensa.

Umma ta dafe ƙirji. "Innalillahi! A gabana? Fita!"

Mai Reza ta fita da guntun a hannu. Umma ta ce wa ɗanta in dai ita ta haife shi, zancen aure ya mutu.

Washegari saƙo ya shigo wayarsa: "Ɗan Ummana, a yafe min, hannuna ya riga hankalina. Na duba guntun a madubin bincike mai ƙara girman abu. Mai furen rawaya fatarta kauri gare ta, da 'yan duwatsu kamar gishiri a ƙarƙashi. Wannan babu. Ba ta Abba ba ce. Akwai wata a gidanku?"

Sai ya tuna. Akwai mana! Wadda 'yar ƙawar Umma ta kawo kyauta dab da tashinsu daga tsohon gida, aka yasar a bayan kicin. Ashe tukwanen ne suka cakuɗe a motar kaya. Ya yanki guntu ya ruga wurin Mai Reza da shi. Ga kaurin, ga duwatsun.

Da ya faɗa wa Umma, sai ta durƙusa gaban tukunyar bayan kicin. Tsiro kore shar, har da 'ya'ya.

"Ni da nake zaton na kashe amanarsa," ta ce. "Kira min yarinyar nan."

"Ruwa ne ba ta so, Umma," in ji Mai Reza da ta zo, kai a sunkuye. "Mantawar da aka yi da ita ce ta raya ta."

Ranar ɗaurin aure, Umma da hannunta ta ciri ɗaya daga 'ya'yan ta dasa wa amarya.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata. Amma rezar nan, a riƙa barinta a wurin aiki."