Bututun Motar Rissa

Shekara bakwai Zakari ya yi a Libiya, aka koro shi ya dawo Tawa da riga ɗaya. Duk majalisar da ya gifta sai wani ya ce, "Ɗan Libiya, mi ka kawo muna?" Abin na ci masa rai ƙwarai. Ya rantse sai ya haɗa shisha irin ta birnin Sabha na Libiya, majalisa ta dawo ƙofar gidansa.

Bakanike ne, hannunsa ba daga nan ba. Ya tsinto kwalbar tsohuwar fitila, da tiyo, da haƙoran mataccen agogo don ado. Bututun jan ƙarfe kaɗai ya rage.

Da la'asar sakaliya ya kama hanyar Barmu, inda wata ƙonanniyar mota ke kwance. Ita ta kife da amininsa Rissa, wanda ya sayar da awakinsa ya kama hanyar Libiya saboda kaset ɗin da Zakari ya aiko yana ƙaryar jin daɗi. Cikin fasinjan ba wanda ya fita da rai. Mai wucewa addu'a yake yi, ko ƙusa ba a cirewa. Shi kuwa gogan naka ko sallama babu, ya kwance bututu ya yi gaba.

Ana kiran magariba ya haɗa shishar a zaure. Ya zuba ruwa, ya ɗora taba da garwashi.

Bai kai baki ba ruwan ya fara ɓulɓul.

Garwashi ya yi jajur. Ƙaurin ƙonannar roba ya cika zauren. Tiyon ya miƙe da kansa.

"Zakari," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, "wanga ne daɗin da ka hwaɗa muna?"

"Rissa, ka yafe mini."

"Ja, kai ma ka ji."

Tiyon ya shiga bakinsa. Hayaƙi, fetur, rairayi. Numfashi ya ƙi fita.

Matarsa Hasiya ce ta ji kakari, ta faɗo da a'uziyya ta sa taɓarya ta tarwatsa kwalbar.

Washegari ya mai da bututun, amma aikin gama ya gama. Har yau in ya ja numfashi ƙirjinsa ɓulɓul yake yi. Mutane sun daina tsokanarsa, sun kuma daina bi ta layin gidansa. Majalisar da ya nema dai ya samu: kullum magariba tabarmar zaurensa sai ta lotsa wuri goma sha ɗaya, daidai yawan fasinjan motar.