Masunci da Bakin Lambatu

An yi wani tsohon masunci a bakin tafki, gangaren wata unguwa da ambaliya kan rushe wa gidaje duk damina. Mutanen unguwar suka yi gayya, suka haƙa lambatu, suka juya bakinsa zuwa tafkin. Ruwan farko ya kwaso ƙazantar unguwa kaf, ya juye ciki. Kifaye suka mutu, suka taso sama.

Tsoho ya sami mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ruwanku na kashe mini tafki."

"Baba, ruwan da ya wuce ƙofarmu ai ba ruwanmu."

Ya je wa magina, ba ruwanmu. Ya je wa marina, ba ruwanmu. Ka ji rashin kunya tsirara.

Rannan hadari ya haɗo, tsoho ya tara duwatsu zai toshe lambatun, ruwa ya koma wa masu shi. Ya ɗaga na farko, sai ya tuna gidajen nan ginin ƙasa ne, da yara a ciki. Ya ajiye dutsen, ya naɗe komarsa, ya kama hanya, bai ma san inda zai sake jefa ta ba.