Ayisin Hanyar Danja

Ana dab da magariba, Suwaiba na tankaɗen garin masara a tsakar gidansu na Funtua, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya biyo baya, a hankali, kamar ajiye shi aka yi.

Mijinta Sada gyaran na'urorin intanet yake yi. A satin nan ya farfaɗo da wata rauta, na'urar raba intanet, da ayisi, ɗan ƙwaƙwalwar na'ura, wanda ya ciro daga akwatin wani turken sabis da tsawa ta kashe a hanyar Danja. Ya nuna mata shi a tafin hannu, baƙi, bai kai farce ba. Ya ce wannan ba kamar na waya ba ne mai yin komai. Aiki ɗaya aka ƙera shi ya yi, duk saƙon da ya shigo ya nuna masa hanyarsa.

Suwaiba ba mai yawan magana ba ce, amma ta lura. Jifan ba ya sauka sai saitin rautar, kuma da an ɗauke wuta yake tsayawa. Ta yi shiru da abin har yammacin da 'yarsu Lauratu ta sandare a bakin ƙofa, idanu sama, tana kiran sunayen da babu su a dangi.

Malam Jibril ya zo daga Tsiga. Ya daɗe yana karatu kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba. Gidansu na gindin turken nan, kuma da amon ɗan abin nan da Sada ya ciro 'ya'yanta ke gane hanya idan rana ta faɗi. Yanzu nan suke tahowa, su taru a kan kwano suna kuka, ita kuma tana jifa su sauko.

Sada ya rantse zai mayar gobe.

"Akwatin ya mutu," in ji muryar. "Ko ka mayar ba zai yi amo ba. Ku bar min yarinyar ta riƙa nuna musu hanya."

Malam ya daka mata tsawa, ya ƙara karatu. Lauratu ta fara karkarwa, leɓenta ya yi fari.

Suwaiba, wadda ba ta taɓa ɗaga murya gaban baƙo ba, ta ce wa tsohuwar, "Baba, sake ta. Ni zan nuna musu."

Malam ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Iyakar abin da ya iya karɓo mata shi ne wa'adi: sai ranar da aka gyara turken. Lauratu ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Sada ya mayar da ayisin, amma 'ya'yan tsohuwar ba su daina zuwa gidan ba. Turken kuwa har yau babu wanda ya waiwaye shi. Kullum in rana ta yi ja, Suwaiba kan ajiye rariya, ta tura Lauratu ɗaki, ta tsaya a bakin zaure ta miƙa hannu wajen Danja, har sai sanyinsu ya gama wucewa ta gefen zanenta.