Gurbi Ɗaya a Hanyar Indabo

A bakin gadar Wudil suka fara haɗuwa, ranar kasuwa. An turo ɗaliban sashen tsara birane su ƙirga motocin da ke wucewa. Rejoice Yusufu, 'yar aji biyu, duk ta rikice tsakanin tireloli da motocin shanu, ga biro ya ƙi rubutu. Wani dogon saurayi ya miƙo mata nasa.

"Ki bar mini manyan, ki riƙe ƙananan," in ji shi. "Sunana Nathaniel, ajin ƙarshe nake."

Ta ɗago ta kalle shi. Har motoci suka yi ta wucewa babu wanda ya ƙirga.

Soyayya ta yi ƙarfi. Shi yana ce mata Farin Cikina, ita tana ce masa Dogona. Ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo Wudil saboda ita, maimakon ya koma Kafanchan wurin iyayensa. Sai dai aiki ya ƙi samuwa. Ma'aikatar filaye, ƙananan hukumomi, kamfanoni, babu inda bai kai takardunsa ba. Wasu ma tambayarsa suke, "Tsara birane? Wato zanen gida kake yi?" Ya ƙare da koyar da lissafi a wata 'yar makaranta a Sabon Gari, takalminsa duk ya ci ƙasa.

Baba Yusufu, mahaifin Rejoice, ma'aikacin ɗakin karatun jami'a ne, mutumin Kaltungo. Bayan ita ma ta gama hidimar ƙasa, ya kira Nathaniel ya zaunar da shi.

"Yarona, ba ƙin ka nake ba. Amma ritaya zan yi, Kirsimeti a gida za mu yi ta. Ba zan bar 'yata a hannun wanda bai tsaya da ƙafarsa ba. Ɗan aminina, ma'aikacin kwastan, ya turo magabatansa. In ka samu aikin da ka karanta kafin mu tashi, taka ce. In babu, ka yi haƙuri."

Nathaniel ya yi masa sallama ya fito.

Ana haka aka ji Malam Nu'uman, mai kamfanin da ke tsara sabuwar unguwa a hanyar Indabo, yana neman jami'in tsari guda ɗaya. Nathaniel ya nema, kuma da kansa ya matsa wa Rejoice ita ma ta nema. "Ki je ki saba da intabiyu, ba asara." Har tambayoyin da za a yi ya koya mata.

Ita aka ɗauka. Shi ya zo na biyu.

Da saƙon ya shigo wayarta, a tsakar gida ta durƙusa tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Ta kira shi bai ɗaga ba. Ta sake kira. Can sai ga saƙo:

"Barka, Farin Cikina. Kin cancanta. Ni zan tafi Kaduna, wani abokina yana da shagon waya. Ki yi wa Baba biyayya."

Nan take ta rubuta masa:

"Haushina kake ji ko? Kai ka tura ni! Wallahi ban san haka za ta kasance ba. Dogona, kar ka tafi. Yanzu zan je in ce ba na so, su ba ka."

Bai tsaya ɗaure jakarsa ba, ya tari ɗan acaɓa. A ƙofar ofishin ya same ta, idanunta sun kumbura.

"Kina hauka ne? Shekarun da kika yi kina wahala za ki zubar?"

"To in yi yaya? In riƙe aiki in rasa ka?"

"Ni kuma in karɓi abin da kika ci da guminki, in dinga kallon ki kullum? Ba haushinki nake ji ba, Rejoice. Kunya nake ji."

Malam Nu'uman ya jiyo su ta taga, ya fito.

"Ku saurara. In ta ajiye, ba zan ba shi ba, sabon talla zan yi. Ba na raba aiki don tausayi." Ya dubi Nathaniel. "Abin da ya rage mini shi ne masu kafa duwatsun iyaka a fili. Aikin lebura ne, kuma ita ce shugabarsu. Za ka iya?"

Rejoice ta girgiza kai tana hawaye. Nathaniel ya ce, "Zan iya, ranka ya daɗe."

Haka aka fara. Tana riƙe da taswira, shi yana haƙa rami yana kwaɓa siminti. Sauran leburori na yi masa dariya, "Mai digiri, Madam na kira!" Tafin hannunsa ya yi kanta. A gida kuwa an fara ɗaure kaya cikin kwalaye, ɗan kwastan ya aiko da atamfofi. Rejoice ta daina cin abinci.

Wata safiya Baba Yusufu ya hau babur ɗinsa ya nufi filin, niyyarsa ya gaya wa yaron a rufe maganar. Ya tsaya gindin darbejiya bai bari sun gan shi ba. Daidai lokacin Rejoice ta duba taswira ta ce, "Nathaniel, layin nan ya ci hanyar ruwa. A tone duwatsun duka, a matsa baya."

Aikin yini guda ne. Leburori suka zuba ido suna jiran rigima. Nathaniel ya karɓi taswirar, ya duba, ya miƙa mata.

"Gaskiyarki ne. Ni na yi kuskure." Ya ɗauki diga.

Baba Yusufu ya fito daga gindin darbejiyar. Sannan ya tako har bakin ramin. Nathaniel ya yi saurin durƙusawa, ƙasa har gira.

"Baba, ban samu aikin ba. Na sani."

"Na gani," in ji tsohon. "Na ga ta gyara maka a gaban mutane, fuskarka ba ta canja ba. Albashi nake nema mata, ashe ban san abin da nake nema ba. Ka gaya wa mutanen Kafanchan su zo."

Rejoice ta saki taswirar ta faɗa jikin mahaifinta.

An ɗaura auren a cocinsu kafin iyayen su tashi. Malam Nu'uman ya zo da 'yan ofishinsa, leburorin suka cika benci guda da sababbin kaftani. Har ranar ango lebura ne, bai ɓoye wa kowa ba. Da fasto ya gama addu'a, Baba Yusufu ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Na bar ku a Wudil, na bar ku ga Allah. Ya ba ku zaman lafiya, ya buɗa muku, ya albarkaci zuriyarku."

Coci ya amsa da "Amin", mata suka rangaɗa guɗa.