Ƙwai Ba Albasa

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, Mai Fanka yana zaune bayan tebur yana fama da burodi da ƙwai, albasa har ta fi ƙwan yawa. Wata budurwa ce, rungume da tsohuwar fanka mai karyayyen wuya. Ta dire ta, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, gyara kake yi a nan ko kisan kai? Albasa ko a mafarki, Allah ya raba ni da ita."

Ya dakata da ci. Ai ya san wannan maganar. Akwai gurup ɗin 'yan unguwa a wayarsa, inda ba a komai sai hirar abinci, kukan zafi, da tambayar nan da ba ta tsufa: da za ka wayi gari da miliyoyi, me za ka yi? A can akwai wata mai kiran kanta Ba-Albasa, sun daɗe suna sa-in-sa bai taɓa ganin fuskarta ba.

"Ke ce Ba-Albasa?"

Ta zaro ido. "Kar dai kai ne Sarkin Barci?"

Shi ne kuwa. Sunan ya samo shi ne don duk sanda aka yi tambayar kuɗi amsarsa ɗaya ce: ya rufe shago, ya sayi katifa mai kauri, ya yi barcin shekara. Suka yi ta dariya har maƙwabcinsa mai shayi ya leƙo.

Gyaran da ba zai ci awa guda ba, sai bawan Allah ya yi ta jan sa. Yau waya ce ba a kawo ba, gobe ƙusa ce ta ɓata. Ita ma, tsakani da Allah, ba ta matsa ba. Kullum ta taso daga kantin maganin da take aiki sai ta biyo duba fanka. Kafin fanka ta koma gida, hira ta bar gurup ta koma tsakaninsu, yana ce mata Iskata, tana ce masa Injiniya.

"Iskata, me kika ci yau?"

"Taliya da kifi. Kai fa, Injiniya? Kar ka ce min albasa da ɗan burodi a gefe."

"Rufa min asiri. Da za ki samu miliyan goma yanzu, me za ki saya?"

"Kujera. Tun safe nake tsaye a kantin nan."

"Ni kasko biyu zan saya, ɗaya naki, ɗaya na albasata. Canjin kuma in aure ki da shi."

Ya riƙe wayar yana jira. Can amsa ta shigo.

"Kasko biyu ne, amma ai da baki ɗaya za ka riƙa yi min magana."

Ya karanta ya sake karantawa. Ba ta ce a'a ba! Don murna sai da ya kunna duk fankokin shagon. Washegari ya ce wa mai shayi daga yau ƙwansa ba albasa. Mai shayi ya taɓa masa goshi ya ji ko zazzaɓi ne.

To, duk inda ake daɗi ba a rasa mai baƙin ciki. A gurup ɗin akwai wani dillalin motoci, gwanin ɗaukar hoto jingine da motar mutane. Ya yi ta aika mata saƙo ba ta kula shi ba. Da ya ji an fara zancen aure, sai ya tono tsohuwar maganar barcin nan, ya ɗauki hoton maganar ya tura wa mahaifin yarinyar. Shi kuwa Baba tsohon direban babbar mota ne, a duniya ba abin da ya tsana kamar malalaci.

"Injiniya, an samu matsala," ta rubuto. "Baba ya ce ba zai ba mai burin barci 'yarsa ba. Na ce wasa ne, ya ce wasa ma daga zuciya yake fitowa. Na yi kuka har na gaji."

Mai Fanka ya ji duniya ta yi masa zafi, duk da fankokin da ke kewaye da shi. Wasan da ya yi don a yi dariya, ga shi zai raba shi da wadda yake so.

Wata safiya, gari bai gama wayewa ba, yana durƙushe yana naɗa waya, wani dattijo ya shigo ba fara'a. Bai san fuskar ba, amma ya san fankar da ke hannunsa, mai ɗaurarren wuya. Mahaifinta ne! Ya zube ya kwashi gaisuwa.

"Ƙara take yi," in ji Baba. Ya zauna a benci yana ƙare wa shagon kallo: fankoki a jere, kowacce da alamar mai ita, hannun yaron baƙi ƙirin da mai.

Ana haka mai shayi ya shigo da faranti. "Ga naka, ba albasa kamar kullum. Wallahi tausayi kake ba ni."

Baba ya dubi farantin, ya dubi saurayin. "Ba ka cin albasa ne?"

"Da dai ina ci, Baba."

"Likita ne ya hana?"

Mai Fanka ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage. "A'a, Baba."

Dattijon ya ja dogon numfashi. "Tun kafin a haife ka rabona da albasa a gidana. Uwarta ce ta fara." Ya juya ga mai shayi. "Kawo biyu. Ka zuba albasa har ta rufe ƙwan."

Suka ci, Baba yana lumshe ido. Da ya suɗe yatsa ya ce, "Na yi sammako ne in tarar da shago a rufe, sai na tarar ka riga ni tashi. Wanda kuma ya bar albasa saboda mace, na san irin son da yake yi, ba sai an faɗa min ba. Ka turo manyanka."

Mai Fanka bai san sanda hawaye suka zubo masa ba. Ya ce albasar ce.

Ranar ɗaurin aure gurup ya cika da addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka. Dillalin motoci ya sulale ya fita ba sallama. Ango ya kai wa amarya kujera har kanti. Baba kuwa ya ja shi gefe, ya miƙa masa sabon kasko a leda, ya sa masa albarka, sannan ya rage murya.

"Wannan a shago za ka ajiye shi. Zan riƙa leƙowa."

Bayan an kwana biyu saƙo ya shigo.

"Mijina, wai me ya sa kullum Baba yana shagonka? Fankar nan ba ta gyaruwa ne?"

Ya dubi surukinsa da ke yanka albasa a kan benci, ya yi murmushi ya rubuta:

"Iskata, tsohuwar fanka ce. Sai a hankali."