Teku a Soron Alhaji Kalilu

Ana dab da kiran magariba, Alhaji Kalilu yana durƙushe a soronsa ya ƙura wa akwatin gilashinsa ido, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin girki. Matarsa Kulu ta leƙo tana zagin yaran maƙwabta. Na biyu ya sauka dab da ƙafarta. Da ta ɗauka ta ji shi jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, irin dutsen da ba a samunsa sai a ƙasan rijiya. Nan take ta daina zagin.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka buɗe, motocin Alhaji suna ɗauko siminti daga Ikko. Abokansa sun dawo Daura da rediyo da mota Fijo, shi kuwa da ya fi kowa iyayi sai ya dawo da teku. Wani Bature mai barin ƙasa ya sayar masa da akwatin. Bai kai adakar amarya girma ba, amma a ciki akwai kifi biyu masu ruwan goro da ratsin fari, da wani dutse mai rai da yake buɗewa kamar fure. Batirin mota ke tuƙa ɗan injin da yake hura musu iska. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo, Alhaji kuwa kai ya kumbura.

Abin yana da hidima. Zafi yakan shanye ruwan ya bar gishirin, don haka kullum da yamma sai an ƙara na rijiyar gidan. Ranar Juma'a kuma a kwashe tsohon, a zuba sabon ruwan teku daga jarkar da direbobi ke kawowa daga Ikko. Tsohon ruwan nan, Alhaji ya ce a Daura ba a zubar da ruwa a ƙasa, a mayar da shi rijiya, me bokiti guda zai yi mata?

Duk wannan aiki yana wuyan Barakatu, 'yarsa tilo. Da can, in ya dawo daga tafiya, da ita yake cin tuwo a akushi ɗaya yana ba ta labarin hanya. Yanzu abin da ke haɗa su bai wuce "Barakatu, ruwa" ba, ko waiwayowa ba ya yi. Ta tsani kifayen nan tsana mai tsanani, kuma tana jin kunyar a ce tana kishi da kifi.

Jifa bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai duwatsu su fara sauka. Guga ya riƙa fitowa da igiyarsa a ƙuƙƙulle. Wata yamma gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi, suka ji an kira daga cikin rijiyar, a hankali, da muryar tsohuwa: "Kalilu."

"Alhaji, ka ji?" in ji Kulu.

"Iska ce," ya ce. Amma bai fito daga soron ba.

Kashegari aka tarar da Barakatu zaune a bakin rijiya, ƙafafunta na lilo a ciki. Sai da maza uku suka taru kafin a janye ta. Ta daina ci, ta daina magana, idonta ya kafe a ƙofar soro. Duk lokacin da aka saki hannunta, rijiyar take nufa.

Aka tura mota garin Babban Mutum ta ɗauko Malam Zailani, tsohon malami da ya yi suna wajen masu ciwon iska. Ya iso bayan la'asar. Ya leƙa rijiyar, ya ɗanɗana ruwan ya tofar, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya kunna turare, ya dafa kan yarinyar da carbi, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta rufe su. Can sai Barakatu ta miƙe zaune, ta yi wata dariya da ba tata ba.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Kalilu ya san ni. Da ruwana aka yi masa wankan farko ranar da aka haife shi, da shi aka wanke gawar uwarsa. Tun kakansa nake cikin rijiyar nan. Wa ya taɓa durƙusa mini yana murmushi? Sai baƙi da aka ɗauko a mota! A ɗebi ruwana a shayar da su, a dawo mini da ƙazantarsu mai gishiri, ko sallama babu."

"An yi miki laifi. Amma yarinyar me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Na ga dai ni da ita duk an yar da mu, na ce ta zo mu zauna tare."

Kulu ta fashe da kuka. Malam ya ƙara karatu, muryar ta yi ƙara ta ce ya bari, yana ƙona ta, za ta fita, amma da sharaɗi. A yashe rijiya. Baƙin su bar gidan kafin rana ta faɗi.

"Ya zaɓa," ta ce. "Ko su, ko ita."

Kowa ya juya ga Alhaji. Shi ya san in aka kashe injin nan aka ɗaga akwatin, kifayen ba za su kai ko Kano da rai ba. Ya dubi ƙofar soro. Ya buɗe baki ya rufe. Ba wani dogon shiru ba ne, amma duk wanda yake tsakar gidan ya ji nauyinsa.

"Alhaji!" in ji Kulu.

"A fitar da su," ya ce.

Aka ciccibi akwatin aka sa a mota. Malam ya sa muryar ta rantse ba za ta dawo ba. Barakatu ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, daga cikin rijiyar aka ji tsulum. Ladan ya kira salla.

Alhaji ya raka Malam zaure yana ta godiya. Tsohon ya sa takalmansa, sannan ya ce, "Waccan ta tafi, Alhaji. Sai dai masu wannan ciwo, bakinsu ake ara, kunnensu yana nan."

Alhaji ya koma ciki da sauri. Da kansa ya ɗauko akushin tuwo ya zauna kusa da 'yarsa, ya ce ta matso su ci.

Ta dube shi da idonta na gaskiya, ta ce, "Baba, ba sai ka yi tunani tukuna ba?"

Ta tashi ta shiga ɗakin uwarta.